Koriyar Riga a Gindin Bishiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Sayen Kayan Aiki na kamfanin gyaran bishiyoyi, gwanin zaɓe, wanda ruwan sama bai taɓa riska a waje ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan sanyin ofis bai dame ka ba. Ba ka san ni ba, kuma ba laifinka ba ne. Mijina na cikin masu hawa muku bishiya, shi ne mai ɗaure ƙugunsa da igiya ya hau da injin zarto ya yanko rassa. Yayana kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke tsayawa a gindin bishiyar yana janye abin da ya faɗo. Wato mijina a sama, Yaya a ƙasa, ran ɗaya yana hannun ɗaya. A kan rigar ruwan da ka zaɓa musu bana na zo yin godiya.

Na ɗaya, tsawonta. Allah ya saka da alheri, ba a yi rowar yadi ba, har gwiwa take kaiwa. Ta rufe bel, ta rufe ƙugiyoyin da yake maƙala igiya, ta rufe komai ruf. Kafin ya hau sai ya naɗe ta zuwa ƙirji kamar mai shirin tsallake kwata. Aljihunanta kuma an ɗinka su daidai inda bel ke matsewa, don kada wani ya yi gigin sa hannu a ciki.

Na biyu, an ce ruwa ba ya shigarta. Wallahi gaskiya ne, ni shaida ce. Sai dai gumi ma ba ya fita. Mutum ya wuni a cikin leda yana fama da zarto, ya dawo gida sharkaf, singiletinsa sai na matse a bokiti. Ruwan Allah dai bai taɓa shi ba, nasa ne ya jiƙa shi. Idan na rataye ta a bayan ƙofa, yara tsakar gida suke komawa su ci abinci.

Na uku, hular da ke jikinta. Ba ta hawa kan hular kwano, in kuma an sa ta a ƙarƙashi sai ta toshe kunne. Shin da kan wa aka gwada ta?

Na huɗu, kuma a nan nake so a gyara zama, launinta. Kore shar! An ce da kanka ka ƙi mai ruwan lemo, wai ta yi kama da ta masu shara, ka zaɓi wadda ta dace da tambarin kamfani. Ta dace kuwa. Na ga hotonsu a kalandarku, sun yi kyau abinsu, sai da na ƙura ido na rarrabe Yaya da shukar da ke bayansa. To haka mijina yake ƙura ido daga ƙololuwar bishiya, ruwa na dukan fuskarsa, yana neman koren mutum a cikin koren ganyen da ya tara a ƙasa.

Kwanakin baya ya duba bai ga kowa ba. Ya yi kira kamar yadda suka saba, bai ji amsa ba, ya ɗauka Yaya ya tafi wajen mota da kaya. Ashe Yaya yana sunkuye a cikin rassan, hularka ta toshe masa kunne. Mijina ya sako reshen. A kafaɗa ya same shi, ƙashi ya tsage. Likita ya ce da ya ɗan matsa kaɗan, da a wuya ya same shi.

Tun ranar mijina ba ya iya haɗa ido da Inna, mahaifiyarmu. Ya je gaishe ta ya durƙusa, ta amsa tana kallon bango. Shi da Yaya ba su yi faɗa ba, Yaya ma dariya yake yana cewa surukinsa ya daɗe yana hakonsa. Amma mijina ko cokali ne ya faɗi a ɗaki sai ya zabura. Ni kuwa tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ba na ɓoye maka.

Na biyar. Da kafaɗar ta fara warkewa, aka ce Yaya ya koma aiki, sai na yi karambani irin namu na marasa ofis. Na samo ƙyalle mai ruwan lemo na ɗinka masa a baya da kafaɗu, faffaɗa, yadda ko makaho zai hango. Mai duba aikinku ya gani, ya ce an ɓata kayan kamfani, ya tsaya a kansa har sai da ya warware ɗinkin da reza. Ina yaba wannan kishi. Da ana kula da mutane yadda ake kula da rigar nan, ai da asibiti ya rasa ciniki.

Ban zo neman a kori kowa ba. Gajeriyar riga nake roƙo, wadda iska ke ratsawa, mai launin da ke ihu daga nesa. In hakan zai zubar da mutuncin tambari, to a bar ni da allurata.

In shi ma ba zai yiwu ba, ina da tambaya ɗaya, tunda kai ne gwanin zaɓe. Damina ba ta ƙare ba. Jibi mijina zai hau, Yaya zai tsaya a ƙasa cikin koriyar rigarka. Idan reshe na gaba bai kuskure ba, ni ce ƙanwar mamaci, ni ce kuma matar wanda ya sako reshen. Sai ka taimaka ka zaɓa mini gidan da zan zauna karɓar gaisuwa, na Inna ko na mijina.

Allah ya ƙara girma, ya tsare mana kai daga ko ɗigon yayyafi.

Taka mai biyayya,
Matar na sama, ƙanwar na ƙasa.