Raƙumin da Na Shigar Ɗakin Likita

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je neman aikin tafinta a asibitin mishan ba. Lokacin ina saurayi a garinmu Tama, makaranta ta tsaya mini a firamare, Faransancina daidai na karanta takardar magani. Babana kuwa ya gama yanke hukunci: ko in samu aikin nan, ko in koma garkar albasa in ci gaba da janyo ruwa har bayana ya tanƙware. Ni kuma na rantse ba zan tsufa a bakin rijiya ba.

Likitocin asibitin Ingilishi suke ji. Sai na sayi tsohon ƙamus na Ingilishi a kasuwar Madawa, na kama shi yadda muka saba kama hadda a gaban malam: daga farko, kalma bayan kalma, ba tsallake. Ina ban ruwa ina maimaitawa, ina cin tuwo ina maimaitawa. (Innata har ta fara tambaya ko wani ya yi mini asiri.) Da ranar gwaji ta zo na gama A da B da C, na san sunan abubuwan da ko a mafarki ban taɓa gani ba.

Aka shigar da ni wurin wani sabon likita Anasara da bai jin Hausa bai jin Faransanci. A gefe ga Madam Saratu, babbar ma'aikaciyar jinya, ita ce za ta ce a ɗauke ni ko a sallame ni. Allah da ikonsa, masu shigowa na farko duk ciwonsu ya faɗo cikin gonata. Wannan baya, wannan ƙirji da tari, waccan jini, duk da B ko C suke farawa a Ingilishi. Ina jefo kalmomi likita na gyaɗa kai, ni kuwa kaina sai kumbura yake.

Sai ga wani tsoho ya shigo riƙe da hannu, gumi na zuba. Ya ce kunama ta harbe shi. Na gaya wa likita wata dabba ce ta cije shi. Likita ya ce wace dabba?

Jama'a, kunama tana can ƙarshen ƙamus, inda ko shekara uku ba za su kai ni ba. Na duba dabbobin da ke hannuna: kyanwa, saniya, kada, raƙumi. Abin da ya kamata in juya in tambayi Madam, amma ina, girman kai ya riƙe mini wuya. Na ce a raina kada dai babu shi a yankinmu na Adar. Na daure fuska na ce raƙumi.

Likita ya miƙe zumbur. (Ashe ya taɓa karanta irin ɓarnar da cizon raƙumi ke yi.) Ya sa aka tuɓe wa tsoho riga, ya duba kafaɗa, ya duba wuya da ƙeya, yana neman rauni. Tsoho na ta miƙa masa ɗan yatsa, shi yana turewa. Madam Saratu ta sunkuya ta ce, "Baba, raƙumin wa ya cije ka?"

Ya ce, "Wane raƙumi, ɗiyata? Kunama ta, cikin damen hatsi. Ku ba ni rigata."

Wallahi na so ƙasa ta buɗe in shige. Madam ba ta yi dariya ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Bayan an yi wa tsoho allura ta ja ni waje ta ce, "Yaro, yau kunama ce. Da maciji ne fa?"

Ban samu aikin ba. Na koma garka, amma duk ranar da ba ban ruwa sai in tafi asibitin in zauna kan bencin masu jira, in saurari abin da ke kawo mutane, in nemo shi a ƙamus ko a wane shafi yake. Da Madam ta gaji da ganina, ita da kanta ta riƙa gyara mini yadda ake sa kalmomin cikin magana. Bayan damina ta sake gwada ni, aka ɗauke ni.

Yanzu duk sabon tafintan da aka ba ni, kafin ya koyi sunan ciwo ko ɗaya, sai na sa shi ya iya cewa "ban sani ba" da Ingilishi, da ƙarfi, a gaban mutane.