Zarton Inji da Ƙiryar Tabawa

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda rana ke yin nauyi da azahar har ƙudaje su riƙa tashi kamar an tilasta musu, hanya guda ce tak ke kai dabbobi tafki. Shekara da shekaru ana bin ta lafiya. Sai aka yi wata damina mai albarka, sarƙaƙiya ta sha ruwa ta ƙoshi, ta miƙo rassa daga dama da hagu ta rufe hanyar ruf. Manya ba su damu ba. Giwa taka ƙaya take yi ta wuce, raƙumin dawa kuwa bai ma san ana yi ba. Ƙanana ne suka ji a jikinsu. Ran nan Gada ta je shan ruwa ta dawo da kunne a tsage, ta kai kuka majalisar daji.

A gefen wannan hanya akwai wata tsohuwar ƙirya, doguwa, mai kogo can kusa da sama. A cikin kogon wata cilakowa mai suna Tabawa ke kwance a kan ƙwanta. Al'adar cilakowa ce, in mace za ta yi kwanci, ta shiga kogo, ita da mijinta su liƙe ƙofar da laka, su bar 'yar tsaga daidai shigar baki. A ciki za ta zubar da fukafukanta ta shimfiɗa wa ƙwai, ta zauna tsirara a duhu har 'ya'ya su fito su yi ƙwari. Mijinta Jatau shi ke kai da kawowa, yau fara, gobe 'ya'yan itace, yana miƙa mata ta tsagar. Duniyar Tabawa a kwanakin nan ba ta wuce zaren haske guda da ke shigowa da hantsi ba, ya hau bangon kogon a hankali, ya tafi da la'asar. Tana kallonsa, tana gyangyaɗi, tana jin ɗumin ƙwai a ƙirjinta, kuma ba ta taɓa jin daɗin rayuwa kamar haka ba.

Majalisa kuwa a gindin wani gamji take zama, bayan kowa ya ci ya ƙoshi, lokacin da inuwa ta yi daɗi ido ya fara lumshewa. Shugabanta Toron Giwa ne, dattijo mai tausayi wanda ya iya barci a tsaye yana kaɗa kunne, har a ɗauka nazari yake yi. Mai kula da ƙa'idojin zama kuwa Damo ne. Duk dokokin majalisa a kansa suke. Ba a taɓa jin ya karya ko ɗaya ba, ba a kuma taɓa jin ɗayarsu ta amfani wani ba.

Da aka ji kukan Gada, sai aka shiga tunani. Can daga nesa, ta wajen garuruwan mutane, iska ta kawo wani ɗan gurnani mai kama da na zuma a amya. Kowa ya san shi, don an daɗe ana jin sa, ana kuma sha'awarsa a ɓoye. Zarton inji ne, wanda mutane ke kayar da itace da shi kafin a ƙifta ido. Nan take aka amince cewa dajin nan ma ya isa ya mallaki nasa. Aka tura Gwaggon Biri, wanda ya saba shiga gefen gari, ya samo a gani a zaɓa.

Ya dawo da guda uku, ya jera su a kan ciyawa, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, da sauran manyanmu, ga su nan. Wannan ƙaramin da batir yake aiki, ba hayaƙi ba hayaniya, hannu ɗaya ya ishe shi. Na share ƙaya ne da ƙananan rassa. Wannan na tsakiya fetur yake sha, yana taɓa wannan ya taɓa wancan. Amma wannan," ya dafa na ukun, wanda harshensa ya kai tsawon kada, sarƙarsa na walƙiya a rana, "wannan ba a kawo shi wurin yara. In ya yi magana, tsuntsayen daji uku sai sun tashi. Ni dai dillali ne, ba na zaɓar wa kowa. Amma na ga irin waɗanda ke riƙe kowanne."

Gada ta matso, kunnenta ɗaure da ganye. "Ranka ya daɗe, ni a ganina ƙaramin nan ya ishe mu. Ƙaya ce fa ta tsare hanya."

Babu wanda ya ce ba ta yi gaskiya ba. Sai dai idanu duk suna kan babban. Iska mai ɗumi na kaɗawa, kowa ya tafi cikin mafarkinsa ido biyu. Zaki ya ga kansa a wani fili fetal inda babu barewar da za ta ɓuya. Raƙumin dawa ya ga ganyen da ya fi ƙarfin wuyansa ya sauko ƙasa yana jiransa. Toron Giwa ya ga baƙi daga wasu dazuzzuka sun zo, an ɗaga musu zarton, sun riƙe baki. Da ya farka sai ya ce, "Gada, mun ji ki, Allah ya yi miki albarka. Amma majalisa ba don yau kaɗai take saye ba. In maƙwabta suka ji mun tara manya mun zaɓi abin da ake riƙewa da hannu ɗaya, da wane ido za mu dube su?" Aka zaɓi babban. Aka ce a mayar da sauran biyun tun kafin su saba da wurin.

Washegari aka ɗunguma bakin sarƙaƙiya. Gwaggon Biri ya ja igiya, zarto ya yi ruri, hayaƙi mai shuɗi ya tashi ya rataye a iska. Ya kai shi jikin ƙaya. Siraran rassan suka lanƙwashe, suka nannaɗe sarƙar, zarton ya yi tutsu ya dawo baya, sai ga dillali a ƙasa ƙafafu sama. Sarƙaƙiya ko gezau.

Ya tashi yana kaɗe jiki. "Ba laifinsa ba ne, ranka ya daɗe. Raina shi aka yi. Wannan ba a haɗa shi da ciyayi, sai da sa'ansa."

Damo ya ɗaga kai a hankali. "Ƙa'ida ta ce ba a karɓar kaya sai an gwada shi a kan abin da aka yi shi dominsa. Tunda na manyan itatuwa ne, a gwada shi a kan itacen da ya fi kowanne tauri." Kowa ya san babu itacen da ya kai ƙirya tauri, kuma babu ƙiryar da ta kai ta gefen hanya. Maganar ƙaya, daga ranar ba a sake tayar da ita ba.

Jatau yana kan reshe da fara a baki lokacin da ya ji haka. Farar ta faɗi. Ya sauko gaban shugaba.

"Ranka ya daɗe, iyalina na cikin ƙiryar nan. Tana kan ƙwai, mun liƙe ƙofa. Ba na jayayya da zarto, ba na jayayya da majalisa. A ba mu lokaci kaɗan kawai, yara su fito su yi fiffike, sannan a yi yadda aka ga dama. Ko a nemi wani itacen. Don Allah, ranka ya daɗe."

Toron Giwa ya ji tausayi har hancinsa ya sauko ƙasa. Ya dubi Damo.

"Malam Jatau," in ji Damo, "kai a cikin kogon kake kwana?"

"A'a, a reshen da ke kusa."

"To kai maƙwabci ne. Ƙa'ida ta ce ƙorafi a kan gida, mazaunin gida ke kawo shi, da kansa, a ga fuskarsa. An yi haka ne don kare masu gida, kada wani ya yi magana da sunansu ba su sani ba. Ta zo gobe, majalisa a shirye take ta saurare ta."

Jatau ya koma ƙirya ya manna kansa jikin tsagar. Tabawa ta yi magana daga ciki.

"Maigida, lafiya? Yau ba ka kawo komai ba."

Ya gaya mata duka.

"Ta yaya zan zo?" in ji ta. "Ko gashi ɗaya babu a jikina. In na fasa ƙofa, faɗowa zan yi. In ma na sauka lafiya, wa zai rufa su? Kawo kunnenka ka ji." Ya kawo kunne. Can ciki ya ji wani ɗan ƙwanƙwasa, siriri, kamar ɗigon ruwa a kan ganye. "Tun hantsi suke yi. Ɗazu na yi mafarkin mun fita gaba ɗaya, muna bin ka a jere har tafki, ƙaramin yana ta faɗawa cikin ciyawa. Ka koma ka roƙe su. Ai manya ne, za su gane."

Kuma sun gane, don ba mugaye ba ne. Da Jatau ya mayar da bayani washegari, Toron Giwa ya yi abin da ba a taɓa yi ba: ya ce majalisa ta tashi daga gamji ta je ta zauna a gindin ƙirya, saboda baiwar Allah guda. Aka yi ta yaba masa a hanya.

Tabawa ta zuro bakinta ta tsagar, ja, ɗan tsito a can sama. Ta fara gaisuwa. Damo ya ɗaga hannu.

"A gafarce ni. Baki muke gani, ba fuska ba. Murya daga cikin itace, majalisa ba ta san ta wace ce ba. Sai ta sauko."

"Ba ta da fiffike!" Jatau ya yi ƙara. "Ba za ta iya saukowa ba!"

Rana ta karkata, ƙurar furanni na yawo cikin haske, wasu har sun fara gyangyaɗi. Toron Giwa ya lumshe idanu ya daɗe, sannan ya buɗe su cike da ƙwalla.

"Jama'a, ni dai a zamanina ba za a yanke wa kowa hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Wannan baiwar Allah tana da haƙƙin ta tsaya gabanmu ta yi magana, kuma rashin fiffike ba zai hana ta haƙƙinta ba. Tunda ba za ta iya saukowa ba, a sauko mata da gidan. Gwaggon Biri, a hankali dai, akwai mai jego a ciki."

Aka yi kabbara saboda wannan hikima. Jatau ya yi ta kururuwa yana dukan fuskar dillali da fukafukai, Gada ma ta ce wani abu, amma an riga an ja igiya, kuma gaskiyar Gwaggon Biri ce, in zarton nan na magana ba a jin ta kowa.

Kai, zarto ya yi kyau. Ya shiga jikin ƙirya kamar wuƙa a cikin kabewa. Garin itace ja ya yi ta tashi yana sauka a kan gashin 'yan majalisa, ƙamshinsa ya cika wurin. Ƙiryar ta daɗe a tsaye bayan an gama, kamar ba ta ji labari ba. Sannan ta karkata, a hankali da farko, ganyenta na shafar sama, ta tafi, ta tafi, ta faɗi rim a kan hanyar tafki. Ƙasa ta girgiza. Tsuntsayen daji uku suka tashi.

Da ƙura ta lafa, aka ga lakar ƙofar ta fashe. Tabawa ta fito da rarrafe, tsirara, fatarta ja, idanunta ba su saba da rana ba. Ɓawon ƙwai ya manne mata a ƙirji. Jatau ya leƙa cikin kogon sau ɗaya, bai sake leƙawa ba. Ya zo ya buɗe fiffike ya rufa mata jiki, yana kuka a fili, bai damu da wanda ke kallo ba.

"Madalla," in ji Damo. "An ga fuska. Majalisa na sauraron ki."

Tabawa ta dubi taron. Maganar da ta shirya tun jiya ita kaɗai ce a bakinta, ba ta da wata.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, muryarta ƙasa ƙasa, "ina roƙon majalisa kada a sare ƙiryar nan. 'Ya'yana na ciki, sun kusa fitowa."

Babu wanda bai ji maganar nan har cikin ransa ba. Toron Giwa ya share hawaye da hanci, ya tambaya ko akwai mai ja. Babu. Duk majalisa, manya da ƙanana, baki ya zo ɗaya: ƙorafin Tabawa yana kan gaskiya, an karɓe shi, an haramta sare ƙiryar gefen hanya har abada. A zama guda kuma aka tabbatar da cewa zarto ya ci gwaji, aka rataye shi a jikin gamji inda baƙi za su gani.

Jatau ya ɗauki matarsa suka bar dajin da zarar gashinta ya tsiro. Sarƙaƙiya ta samu gungumen ƙirya ta haye, ta yi kauri fiye da da, yanzu Gada sai ta zaga ta bayan dutse kafin ta sha ruwa. Amma a faɗi gaskiya, majalisar dajin nan tana da riƙon alkawari. Har yau babu wanda ya sake sare ƙiryar.