Hancin Iya Habi da Tabar Dokta Katung

Ban taɓa yarda cewa hanci zai iya ƙirga shekaru ba. Shekara bakwai na yi a Sikotilan ina karatun sinadarai, kuma abin da na koma Zariya da shi shi ne, in ana son sanin shekarun abu, a kai shi ɗakin gwaji. Don haka duk sanda dangi suka ce kakarmu, Iya Habi, tana shinshina ganyen taba ta faɗi damina nawa ya yi a ajiye, murmushi kawai nake yi. Na san ta yi shekara talatin tana sayar da ganye da taba gari a kasuwar Giwa, kafin ta je Makka ta bar sana'ar. Sauran labarin na ɗauka ƙari ne irin na jikoki.

A bana ni na rako ta Amurka aikin ido. Muka sauka a Lanham, gidan yayana Zulkifilu, wanda yake haɗa magani a wani asibiti. Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, da la'asar za a yi wa Dokta Katung walimar ritaya a Annandale. Dattijo ne mutumin Kagoro, shi ya sauki Zulkifilu a gidansa lokacin da ya zo ƙasar bai san kowa ba, shi ya tsaya masa har ya sami aiki. Abu ɗaya yake sha'awa a duniya: tabar nan mai kaurin babban yatsa, wadda ake naɗewa da ganye zalla, Amurkawa suna ce mata siga. Zulkifilu ko hayaƙinta ba ya so, amma ya nemo akwati guda ta intanet, kara ashirin da biyar, wai sun shekara ashirin da biyar, daidai da shekarun Dokta a asibitin. A kan haka ya gina jawabin da zai yi.

Da hantsi ya shigo falo rungume da akwatin. Iya tana kan kujera da baƙin tabarau, ya fara mata tsokanar da suka saba.

"...Lafiya lau muka tashi, amarya. Ya idon?"

"Ido ya buɗe, na ga abin da na aura. Da can dishi-dishi nake ganinka, ina ta yi wa mutane alfahari."

"Ai shi ya sa na roƙi likita ya bar ɗayan yadda yake, ko auren ya ɗore."

"Me ka rungumo haka kamar jaririn sata?"

"Abin da ya fi ki daraja a kasuwa."

"To lallai ba kai ne a ciki ba." Ta ɗaga kai, ta ja iska. "Kai, Zulki. Taba nake ji."

"Subhanallahi! Hajiya guda! Ke kin tuba, hancinki bai tuba ba."

"Tare muka je Makka da shi. Cewa aka yi ya daina, ba a ce ya manta ba. Kawo in gani."

"Wannan ba irin garin da kike kirɓawa da kanwa kina sa tsofaffin Giwa atishawa ba ce. Sunanta siga."

"Ko sunanta Gimbiya, taba ce. A ƙasa ta tsiro, akuya ta ƙi ci."

"Shekararta ashirin da biyar, tsohuwa."

"In ji wa?"

"Ga satifiket. Ga hatimi a gindin akwatin."

"Takardar ce ta shekara ashirin da biyar, ko tabar?"

Zulkifilu ya dube ni don in taya shi. Ni kuwa a zuciyata ina bayan takardar.

"Dubi ledar da ke jikin kowane kara," in ji shi. "Kin ga ta yi rawaya? Shekaru ne suke yin haka."

"Ba ni ragowar shayinka da rana ɗaya, in tsufar maka da ledar burodi har ta girme ni."

"Babu abin da ya girme ki a ƙasar nan sai kogin Potomak."

"Shi ma da ya gan ni gaishe ni ya yi. Miƙo, na ce."

"Da wannan hannun naki mai warin man zafi? Allah ya kiyaye."

A nan ne fuskarta ta sauya, irin sauyin da ban taɓa gani ba. Ta ce in kawo mata ruwa a roba, ban da sabulu. Ta ce in fitar da kaskon turaren wuta, in buɗe taga. Ta wanke hannu har gwiwa, ta jira ya bushe da kansa. Zulkifilu ya ga da gaske take, ya durƙusa ya buɗe akwatin a gabanta yana ƙunƙuni.

Ta zare kara ɗaya daga layin sama, ta cire ledar a hankali. Ta murza shi tsakanin yatsu kusa da kunnenta. Ta danna shi daga kai har gindi. Sannan ta kai gindin hanci, ta daɗe. Ta shinshina hannun rigarta, ta sake komawa.

"Uhm."

"Uhm me? Yi magana, kada ki shaƙe min rabinsa."

"Wannan ya kwana biyu. Zafinsa ya kwanta. Sabon ganye faɗa yake yi da hanci, yana da zarni. Wannan kuwa sallama yake yi kafin ya shiga. Kamar ɗakin da aka ajiye dabino da sabuwar fata."

"Allahu akbar! Juwairiyya, rubuta. Rubuta rana da wata. Yau Habibatu ta yabi abin da na sayo."

"Ban gama ba, sarkin gaggawa. Kwashe na saman."

"In kwashe me?"

"Layi biyu ne, ko ba haka ba? Ɗaga min wannan fallen katakon da ke tsakani."

"Haba Iya, an jera su da ƙa'ida. In na taɓa ba zan iya mayarwa daidai ba. Duk abu ɗaya ne, tambari ɗaya, launi ɗaya."

"Kai da Tahir ƙaninka ma uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma shi yana da hankali."

Na kasa riƙe dariya. Ni na kwashe na saman, goma sha uku, na jera su a kan tire. Ta ɗauki ɗaya daga na ƙasa. Wannan karon ba ta murza ba, ba ta saurara ba. Tana cire ledar ta kawar da kai.

"Wannan bara war haka yana gona."

"Ƙarya kike, tsohuwa! Maganin barcin da aka yi miki ne bai sake ki ba."

"Yanka shi."

"In yanka? Kin san wata nawa na yi ina neman akwatin nan?"

"Yanka shi ta tsawo. In ka ga ganye shimfiɗe tun daga kai har gindi, ka sake ni saki uku, in koma Giwa in auri mai hankali."

"Wa zai kwashe ki?"

"Layi ake yi. In kuma ka ga shara, goro nake so. Sati uku ina gidanka, kullum sai ka ce shagon 'yan Afirka na Beltsville ya yi nisa. Mijin da ba ya iya goro."

"Likita ya hana ki."

"Likita ido ya taɓa, bai leƙa bakina ba."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da sabuwar reza a takardarta, ta miƙo min. "Ke mai hannun boko, tsaga mana."

Na tsaga a hankali kamar yadda aka koya mana a ɗakin gwaji. Ganyen waje ya buɗe, kyakkyawa, mai sheƙi. Abin da ke ciki kuwa ya zube a kan tire: gutsattsari, jijiyoyin ganye, gari, har da wani guntun zare. Warin ya bugi hancina, na gane shi nan take. Amoniya ce, wadda ganye yake fitarwa in bai gama nuna ba. Ni sunanta na sani. Iya ita ta san ta.

Zulkifilu ya zauna dirshan a ƙasa, yana juya gutsattsarin da yatsa.

"To, angon, ba ka ce komai ba."

"Iya, ki bari." Muryarsa ta sauka. "Mutumin nan shi ya koya min tuƙi a cikin dusar ƙanƙara. Da azumi shi da matarsa Martha suke tashi su dafa min sahur, ba addininsu ba. Da na kai masa wannan, yau zai sha na sama ya yi ta godiya. Bayan wata biyu ya kai na ƙasa, ya gane. Kuma wallahi ba zai taɓa faɗa min ba. Zai ce a ransa yaron bai sani ba. Wannan ne ya fi min ciwo."

Iya ta cire tabarau, ta dube shi da idon da aka gyara. Ta ɗora hannu a kansa, ta ɗan jijjiga.

"Kai dai akwai ƙaton kai, Allah ya sa albarka. Matso min da tiren."

Ɗaya bayan ɗaya ta bi su, tana shinshina hannun riga a tsakani. Na ƙasa duk ta ture gefe. Na sama goma sha ukun ta mayar gabansa.

"Waɗannan kai su ko gaban wa, ba za ka ji kunya ba."

"Su ɗin sun kai ashirin da biyar?"

"Sun haura goma. Daga nan hanci ba ya ƙirga. Wanda duk ya ce maka ashirin da biyar cif, ko dai yana wurin aka naɗe, ko ƙarya yake."

"To jawabin fa? Kwana uku ina haddacewa. Kara ashirin da biyar, shekara ashirin da biyar, kowane kara shekara guda. Har inda za a tafa na sa alama."

"Wata nawa ka yi a gidansa?"

"Takwas."

"To takwas na watannin ne. Biyar kuma na abincin da ka ci, don na san cikinka, ba a biya shi da kara ɗaya."

"Haka zan faɗa a gaban likitoci?"

"Ka faɗa. Ka ce an cuce ka, matarka ta cece ka."

"In ce matata mai shekara tamanin?"

"Saba'in da tara! Kin ji ko, Juwairiyya? Shekarun matarsa bai sani ba, ya tafi sayen shekarun taba."

Zulkifilu ya kwashe da dariya har ya kwanta a kan kafet. Da ya tashi yana share ido, sai ya ga ta sa na ɗauko mata sabon farin mayafi daga jakarta, ta ninke shi ta cike gurbin layin ƙasa, ta mayar da fallen katakon, ta jera goma sha ukun yadda suke, tsaf, kamar ba a taɓa ba.

"Mayafin na Martha ne. Ka ce mata kakarka ta gode da sahur."

Ya durƙusa sosai, hannu biyu a ƙasa. "Na sallama, ranki ya daɗe. An fasa sakin."

"Ni ban ce na fasa ba. Sai na ga goro."

Ya ɗauki makullin mota. Yana bakin ƙofa ta ɗaga murya. "Fari, ba ja ba! Kuma ka zura hannu har gindin kwandon, kada a ba ka na ado!"

Washegari da azahar Dokta Katung ya bugo waya, ya ce a ba shi Mama. Ya gaishe ta da Hausarsa ta Kagoro, ya ce jawabin jikanta shi kaɗai mutane suka saurara har ƙarshe. Ya ce ya kunna kara ɗaya a baranda, a ganinsa tabar ta kai shekara goma sha biyar, kuma rabon da ya sha irinta ya manta. Iya ta ce masa ya rage sha, ta yi masa addu'a, ta miƙo min wayar.

Tana zaune da goronta a cinya, tana kankare shi da rezar nan. Na daɗe ina kallonta. Maganar hancin na riga na ajiye makamaina. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat.

"Iya, na yarda da hancin. Amma tun ba ki shinshina na ƙasa ba kika ce a ɗaga katakon. Yaya aka yi kika san a can ɓarnar take?"

Ta ɓantari goro, ta tauna a hankali, ta leƙa ko Zulkifilu yana kusa.

"Shekara talatin ina cika wa mutane kwando a kasuwar Giwa, 'yar nan. A ina kike tsammani nake sa sabon ganye?" Ta gyara tabaranta. "Ke kina zaton yawon buɗe ido ya kai ni Makka?"