Ranar da Na Wanke wa Kifi Abincinsu

Ba zan taɓa mantawa ba da zuwan da na yi Goronyo jegon ɗiyata Hajo, shekarun da anka tare ruwan Rima da dam. Ni mutuniyar Lahodu ce, ruwan sama da na rijiya kaɗai na sani. Mijinta masunci ne, kuma kun san tsakanin suruka da suruki: in ya shigo ta ƙofa, ni in bi bayan ɗaki.

Kwana biyu da saukata na zaga bayan gida, na iske kwamin siminti cike da ruwa kore shar, kamar miyar kuka ta kwana uku. Innalillahi! Gidan mai jego? (Ban tambayi kowa ba. Cewa na yi kada in kunyata ɗiyata gidan miji.) Na tsame 'yan kifayen ciki, sirara kamar allura, na kwashe ruwan, na dirje kwamin da sabulu, na cika shi da ruwa garau, na maida su. Na zauna ina jiran godiya.

Da la'asar surukina ya dawo. Sai na ji salati. Ya tsaya bayan zana yana magana da Hajo, alhali da ni yake.

"Hajo, a gaida Inna da aiki. A ce mata ruwan ga kwana uku munka yi muna ɗebo shi cikin jirgi, can tsakiyar dam inda ruwa ke juyawa kamar ana damun fura. Juyin ne ke taso da takin ƙasa sama, rana ta buge shi, koren ya tsiro. Shi ne nonon 'ya'yan kifin, na kiwon bana duka."

"Mi? Ƙazantar ce abinci?"

Ni ce na faɗa, da ƙarfi, kai tsaye ga surukina. Shekara shida bai taɓa jin muryata ba sai ran nan. Hajo ta rufe baki da zane.

Da safe rabin kifin sun taso ciki sama. Bawan Allah ya ɗauki jarkoki ya koma dam. Ni ko kwana biyu ina ɗaki, ko alwala sai na leƙa.

Jikokina, kunyar da ta hana ku tambaya, wadda ta fi ta take tara muku. Yanzu ko kashin kaji na gani gidan mutane, sai na ji ta bakin mai shi kafin in ɗauki tsintsiya.