Fatalwar Gidan Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka kafa wa matasa dokar hana fita a layinmu na Unguwar Boro ba, domin a cikinta ne na tsorata unguwa guda, har da ni kaina.

Shekarata goma sha shida a lokacin. Samarin layin sun addabi mutane da shaye-shaye, da kwance kan famfo, da fizge waya daga hannun masu dawowa daga aiki. Sai dattawa suka yanke cewa duk wanda bai kai sha takwas ba, ƙarfe tara ta yi masa a gida. 'Yan banga suka rataye wani tsohon ƙarfen mota a bishiyar mangwaro, da sun buga shi sau tara kowa ya shige. Wanda aka kama zai kwana a rumfarsu, ranar Asabar kuma ya kwashe kwata a gaban jama'a.

Babana ne sakataren kwamitin, shi ya rubuta dokar da hannunsa. Ya sha faɗa a taro cewa, "Ko ɗan cikina ne, sai ya shiga kwata." (Ya faɗi haka da ƙarfin gwiwa ne saboda 'yarsa ɗaya ce tak, ita kuma ko kyankyaso ta gani sai ta nemi agaji.)

Abin da bai sani ba shi ne, ina rubuta waƙoƙi, kuma na ɗauka waƙa ba ta nuna sai an karanta wa farin wata ita. Bayan gidanmu akwai wani kangon bene da ake kira gidan Injiniya, mai shi ya rasu kafin a yi rufi. Katangarmu kuma ta ɗan zube ta wajen. Idan gida ya yi barci, sai in shafa farar ƙasa a fuska saboda ƙuraje, in lulluɓa da farin zanen gadon Mama saboda sauro, in hau matakalar baya. A can sama nake tsayawa, fitilun unguwar Sabo na ƙyalli daga nesa, in karanta waƙoƙina a hankali ina jan murya. Ban san cewa tun da aka kafa doka, ɗakin ƙasa na wannan kangon ne samarin suka mayar majalisarsu ba.

Bayan kamar mako biyu, na je sayen ƙosai na tarar Maman Ladi tana ba da labari, murya ƙasa-ƙasa.

"Marigayiya matar Injiniya ce ta dawo. Doguwa kamar falwaya, ba ta da ƙafa, fuskar nan fari fat. Tana tsayawa a sama tana kuka cikin wani yare da ba na mutane ba. Yaran nan da suka gagari 'yan banga, wallahi ɗaya ko takalmi bai tsaya ɗauka ba."

Ashe duk dararen nan da fatalwa nake raba bene! Kwana uku ban leƙa ba. Layin ya yi tsit irin wanda ba a taɓa ji ba. Tun takwas ake rufe shaguna, karnuka ma sai su yi haushi sau ɗaya su fasa. Idan aka buga ƙarfen tara, amonsa sai ya daɗe yana yawo a iska kamar yana neman wani.

Sai dai tausayi ya fi ƙarfin tsorona. Na riƙa tunanin baiwar Allah ita kaɗai a gidan da ba a gama ba, kowa na gudunta. (Mai hankali zai tambayi kansa, me ya sa ni ban taɓa ganinta ba? Ni kuwa sai na zauna na rubuta mata waƙa.)

Daren na huɗu an ɗauke wuta. An yi yayyafi, hadari na rufe wata yana buɗewa. Na shafa farar ƙasata, na ja zanena, na hau. Matakalar ta yi santsi, warin jiƙaƙƙen siminti ya cika wurin, ruwa na ɗiga a wani lungu, ɗis, ɗis. Jemage ya gifta ta gefen kunnena. Na tsaya a bakin bene, na fara:

"Ya ke da kika rasa makwanci, zo mu raba daren nan, ni ma ba wanda ya san ni."

Sai na ji an amsa.

Wani gunaguni ne ya taso daga ƙasa, muryoyi da yawa a haɗe, ba a jin kalma ko ɗaya. Sannan wani haske ja ya fara hawowa matakala, taki ɗaya bayan ɗaya, inuwoyi na miƙewa a bango har sama. Na ce a raina, ashe ba ita kaɗai ba ce, da danginta ta zo. Na ɗaga hannu biyu cikin zanen, na kurma ihun da ban san ina da shi ba.

Su ma suka kurma nasu. Fitilar ƙwan da suke riƙe da ita ta faɗi ta fashe. Na ji wani ƙato ya gangara matakala yana kiran, "Yesu! Yesu!" wani kuma daga baya yana ta "A'uzu billahi!" Kwamandan 'yan banga ne da mutanensa, da dattawan coci biyu, da Malam mai shagon kusa da mu, sun haɗu sun zo korar fatalwa. Gunagunin nan addu'a ce.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Ya dalle ni da tocila, ya ce, "Ke wace ce? Me kike nema a wurin masu rai?"

Na san muryar. Na ce, "Baba, ni ce."

Ya haska fuskata, ya haska zanen, ya ce, "Wannan ba na ɗakin mamanki ba ne?"

Kwamanda ya hawo yana ɗingishi, ya dube ni, ya ja Baba gefe. "Sakatare, mu bar maganar nan a nan. Mu ce mun yi addu'a ta tafi. Ka ga yaran ma sun watse, kowa ya huta."

Baba ya dube ni, ya dubi Kwamanda. Na san abin da yake aunawa: maganar da ya furta a gaban taro, da 'yarsa da ke rawar sanyi cikin zanen gado. Can ya ce, "Ɗan Maman Ladi ya kwashe kwata makon jiya. Da wane ido zan kalle ta?"

A rumfar 'yan banga na kwana, Mama na zaune gefena a kan benci, ba ta ce komai ba sai, "Zanen nan ke za ki wanke shi." Ranar Asabar kuwa layin ya cika kamar ana biki. Ina cikin kwata da shebur, samarin da na kora suna zaune a kan katanga.

"Matar Injiniya, sannu da aiki! Ashe kina da ƙafa!"

Baba ya tsaya a rana tun daga farko har ƙarshe, yana riƙe min ruwan sha, bai sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya.

Kafin mako ya zagayo samarin sun koma kangonsu. Wata yamma na ji Kwamanda a ƙofar gida yana cewa, "Sakatare, ba za a ba mu aron yarinyar nan ko sau biyu a wata ba? Mu za mu sayi farar ƙasar."

Har yau ina rubuta waƙa, amma da rana, a cikin ɗaki. Na koyi cewa idan aka ce fatalwa ta shigo unguwa, kafin ki tausaya mata, ki fara duba madubi. Kuma duk da an ce waƙa mai kyau ita ce wadda take motsa mutane, ban taɓa motsa su kamar daren nan ba.