Riga Huɗu a Jikin Kaka

"...lafiya lau, amarya. Ya gajiyar yaudarar tsofaffi?"

"Gajiya ta bi lafiya, angona. Wannan akwatin fa? Ƙaura za ka yi?"

A ƙofar filin jirgi suka haɗu, ita cikin sababbin kayan aikin kamfanin jirgi mai araha, shi kuma kakan nata yana jan akwatin da ya kusa kai masa ƙirji. Shekara talatin ya yi yana loda kaya a jiragen tsohon kamfani, amma ko sau ɗaya bai taɓa zama a kujerar jirgi ba, don tikitin ba na talaka ba ne. Yau jikar ta samo masa kujera a tashinta na farko. Kowa a gida ya san tsoro yake ji, shi kaɗai ne bai yarda ba.

Ya leƙa ta gilashi, ya taɓe baki. "Wancan ne jirgin naku? Motar haya ce kawai aka liƙa wa fiffike."

"Ta fi naku da ke zuwa sau ɗaya a mako, har ciyawa ta cinye hanyar tashi. Duba yanzu, Kaka! Sau shida a rana! Mai shayin da ke gyangyaɗi a da, yanzu tebur uku gare shi."

"A namu abinci ake ba mutum, da cokalin ƙarfe, har da bargo."

"Ka taɓa ci? Ƙamshi kawai kake shaƙa daga ƙasa. Kuma tun da muka zo, naku ya karya farashi, bargon ma an daina."

"Ku kuka lalata shi, 'yan baƙin ciki!"

"Mu ne. Ɗora akwatin a sikeli. Kilo bakwai tikitinka ya yarda."

Tsohon ya ɗaga akwatin da hannu ɗaya, ya ɗan girgiza shi. "Sha tara ne, ba sai an ɗora ba."

Aka ɗora, sha tara cif. Sai fuskarsa ta washe, ya samu hanyar gudu.

"To shi ke nan! Ni ba na tafiya ba kayana. Ki gaida gajimare."

Tun ranar da aka ɗauke ta aiki take mafarkin ganinsa a kujerar taga. Ta kuma san inda za ta taɓa shi.

"Je ka, Kaka. Zan gaya wa abokan aikina mijin nawa ya ga jirgi ya arce."

"Ni? Ni da na kwanta a cikin cikin jirgi ina jera kaya tun uwarki na rarrafe?" Ya tsaya, ya ƙanƙance ido. "Ke, mutum fa, kuna auna shi?"

"A'a."

"Buɗe akwatin!"

A tsakiyar layi ya zura riga kan riga har huɗu, ya ɗora hula kan hula, ya cusa takalma a aljihu. Ragowar ya tura a 'yar jaka, ya bar wa mai shayi ajiyar akwatin. Ya ɗaga jakar.

"Shida da rabi."

Sikeli ya ce shida da rabi. Layin ya kaure da tafi, jikar har da tsalle.

"Kai, Kaka! Ka zama katifa mai ƙafa!"

"Katifar da ta fi ƙarfin kamfaninku."

Aka kira fasinjoji. Yana tafe yana gumi, ƙirji a gaba, har bakin matakalar jirgin. Nan ya ja birki, ya daɗe yana kallon ƙofar da ke sama.

"Amarya," ya ce ƙasa-ƙasa, "in ya fara gudu, ina za ki zauna?"

"Gabanka kaɗan. Ina ganinka, kana ganina."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya miƙa mata hannu.

"Kin ci ni, 'yar nema. Riƙe ni tun daga nan, ƙafafun nan sun daina jin magana."