Yadda Za Ka Gajarce Kafin Ranar Awo

Kai dogo, sunkuyo ka ji. Idan baƙo ne kai mai buga ƙwallon kwando a ƙasar nan ta Koriya, kuma sabuwar dokar nan ta rutsa da kai, wadda ta ce duk baƙon da ya haura mita biyu, ko da kaurin farce ne, ba zai shiga zaɓen 'yan wasa ba, to share hawayenka. Ka zo wurin gwana. Sunana Bang Okbun, shekarata talatin da ɗaya ina sayar da miyar ƙashin shanu a bayan tashar jirgin ƙasa. Da aka kai ni gidan miji santimita 152 nake, yau 148, kuma ba wanda ya koya mini. Hanyata ba ta taɓa ba ni kunya ba. Mutum ɗaya na gwada ta a kansa, kuma ta ci.

Mutumin shi ne mijin 'yata Miryong, Ba'amurke, Lavelle Pickens. Ni Pi Sobang nake ce masa, wato suruki Pi, yadda kowace suruka a nan take kiran mijin 'yarta, don ba zan karya harshena a kan sunansa ba. Shekara shida yana buga wa ƙungiyar garinmu. Wa'adinsa ya ƙare, dole ya koma layin zaɓe, aka duba takarda: mita biyu da santimita ɗaya da rabi. Idan bai sauko ba, wata ƙungiya a Turkiyya tana jiransa, zai kwashe mini 'ya da jikata Borum mai shekara biyar su haye jirgi. Borum ɗin da ba ta cin abincin rana sai a kan cinyata. Na ce sai dai bayan raina.

Mataki na ɗaya: Ka daina neman hankali a cikin dokar

Kada ka ɓata yawunka kana cewa wasan dogaye ne, ta yaya za a kori mutum don ya yi tsawo. Kowa ya san haka. Waɗanda suka rubuta dokar ma sun sani. Na ga hotonsu a jarida, babu wanda zai iya sauko da tukunya daga saman kabad ɗina.

Pi Sobang ya yi kwana biyu yana cewa, "Mama, wannan ai zalunci ne."

Na ce, "Zalunci ne, ɗana. Cire takalminka."

Mataki na biyu: Ka fara daga ƙasa

Jahilai daga sama suke farawa, su aske kai ƙwal. Aikin banza. Katakon awo danne gashi yake sai ya taɓa ƙashi. Ka aske ɗin dai, don a ga kana da niyya. Amma aikin gaske a tafin ƙafa yake. Kaushin ɗan ƙwallo ya fi ƙanzon tukunya kauri, kuma duk a cikin tsawonka ake lissafa shi.

Ka tafi gidan wanka, ka nemi tsohon da ya fi kowa mugun hannu. Wanda na tura wa Pi Sobang ya yi awa biyu a kansa da dutsen goge kaushi, ya fito yana haki, ya ce mini, "Yaya Okbun, wannan ba ƙafa ba ce, kwalekwale ne." Mun samu milimita biyu. Kwana uku mutumin yana tafiya kamar mai taka garwashi.

Mataki na uku: Kada ka yi miƙa

Mutum ya fi tsawo da safe, don kwanciya tana warware ƙashin baya. Saboda haka ka roƙa a auna ka ƙarfe huɗu na yamma. Idan sun ce don me, ka ce surukarka tana da asibiti da safe. Ba ƙarya ka yi ba, kowace suruka tana da asibiti da safe.

Kuma ka daina lilo a bakin kwando. Na ce wa Miryong ko hamma ya yi da miƙa ta buga mini waya. Ta ce, "Haba Umma, miji na aura, ba fursuna ba." Na ce ta je ta fara koyon Turkanci. Da la'asar sai ga wayarta.

Mataki na huɗu: Ka ɗauki kaya

Nan ne zuciyar al'amarin. Za a ce maka ka je ka ɗaga ƙarfe a wurin motsa jiki. Ƙarfe minti nawa ne? Kai dai ka nemi suruka mai shago. Na sallami mai keken da yake kawo mini kaya, na ɗora wa Pi Sobang buhun shinkafa biyu a kafaɗa, kwandon ƙashin shanu a ka, daga kasuwa zuwa shago, sau biyar a yini. Idan ya iso ba ya saukewa sai na gama hira da mai albasa. Mako uku muna haka. Bayansa ya fara lanƙwashewa gwanin sha'awa, ni kuwa raina fari tas.

Ana cikin haka Koci Yuk, mai horar da ƙungiyar garinmu, ya shigo shan miya kamar yadda ya saba duk Alhamis. Ya hangi Pi Sobang yana hawo matakala a duƙe, yana nishi. Ya ajiye cokali.

"Inna, lafiya kuwa? Me ya sami bayansa?"

Na ce, "Ai Koci, kullum ƙara lanƙwashewa yake. Jiya da kyar ya ɗaura takalmi. Nan da mako guda ba za ka gane shi ba."

Ya ce, "Haka abin ya kai?"

Na ce, "Ya ma wuce haka." Na ƙara masa nama don murna. Bai taɓa naman ba, ya tashi ya fita yana danna waya. Na ce a raina mutumin kirki, farin ciki ya hana shi ci.

Mataki na biyar: Ranar awo, kada ka yi wayo

Ka yini a tsaye. Ka hau benen ofishinsu da ƙafa, da buhu idan mai gadi ya bari. Amma da ka hau ma'auni ka manta da dabara. Mutum uku ne za su dafe ka: ɗaya ya danne gwiwoyi, ɗaya ya tallafi haɓa, ɗaya ya tura kafaɗu jikin katako. Sun ga masu lanƙwasa gwiwa, sun ga masu cusa wuya. Ba kai ne farkon dogon da ya so ya zama gajere a ɗakin nan ba.

Ina leƙe ta gilashin ƙofa aka sauke katako. Ma'aikacin ya karanta: mita biyu da milimita uku.

Milimita uku! Miryong ta fashe da kuka. Ni kuwa a take na hango Borum a raina a filin jirgin sama da 'yar jakarta a baya. Sai ma'aikacin ya ce doka ta yarda a sake awo sau ɗaya, bayan minti goma.

Mataki na shida: Miƙa wa surukarka takardar nan

Wannan ba naka ba ne. Ba ta. Daga nan da ke nake, 'yar'uwa.

Babu buhun da yake gajarta namiji kamar muryar uwar matarsa. Amma ba kowace magana ba. Ki nemo laifi guda mai nauyi, ki ɓoye shi, ki yi ta yi masa murmushi a kai, sai ranar. Ni mako uku ina riƙe da nawa. Tun ranar da ya dawo kasuwa yana warin citta na gane, domin mace ɗaya ce a duk layinmu take lalata miyar ƙashi da citta, matar Tak da ke tsallaken titi, wadda rabon da mu gaisa tun kafin a haifi Miryong.

Na jira suka dafe shi, katako ya fara saukowa, sannan na tura ƙofa.

"Pi Sobang."

"Na'am, Mama."

"Waccan Talatar, kwano nawa ka sha a shagon matar Tak?"

Na rantse da idona na ga wuyan nan yana shigewa cikin kafaɗa. Mai riƙe da haɓarsa bai ji komai ba, don daga ciki mutumin ya sauko.

"Ɗaya ne, Mama."

"Ɗaya?"

"Biyu. Yunwa ce, Mama, buhun..."

Katako ya taɓa. Mita ɗaya da santimita casa'in da tara da ɗigo tara. Miryong ta rungume ma'aikacin, ma'aikacin ya rungume ma'auni. Pi Sobang ya zube a gabana yana kuka, har yau ban san na murna ba ne ko na miya.

Mataki na bakwai: Ranar zaɓe, ka yi murmushi a ƙarƙashin kowace hula

Wannan matakin ban so rubuta shi ba. Shiga zaɓe daban, zaɓar inda za ka daban. Ɗan wasa ba shi da ta cewa. Ƙungiyoyi ne suke jefa ƙuri'a, wadda ta fito ta nuna wanda take so, a kifa masa hularta, ya yi wa masu hoto haƙora.

Ƙungiyar garinmu ce ta fito ta biyu. Na gyara zama, na riƙe hannun Borum. Koci Yuk ya miƙe, ya ƙi duban inda nake, ya kira sunan wani yaro da ban taɓa ji ba. Da 'yan jarida suka tare shi daga baya, ya ce ya samu labari daga majiya mai tushe, ta cikin gida, cewa bayan Pickens ya gama aiki.

Ƙungiya ta bakwai ce ta ɗauke shi, can kudu bakin teku. Awa biyar a mota, Miryong da Borum suka bi shi.

Ba ruwana

Ni Bang Okbun na yi alkawarin rage tsawo, kuma na rage. Ciwon baya, zafin tafin ƙafa, da tsoron miya mai citta, duk naka ne. Idan kocinku yana shan miya a shagon surukarka, ka ɗaure mata baki, ni ba wanda ya ɗaure mini nawa. Kada kowa ya zo mini da ƙara, tawa ta ishe ni.

Borum tana nan cikin Koriya, wannan na yi. Jiya ta kira ni ta ce, "Kaka, yanzu a kan kujera nake cin abinci, ni kaɗai, na girma." Na ce madalla. Na ajiye wayar na yi kuka a kan tukunya har sai da mai albasa ya leƙo.

Saboda haka idan ka gan ni ranar Asabar da sassafe a tashar mota da kwanuka huɗu a ɗaure, kada ka tambaye ni ko hanyar nan tana aiki. Kai dogo ne, ɗora mini su a kan kantar kaya ta cikin motar.